Yadda ake koya wa majinyaci shan maganin hana daskarewar jini a CSI

Yawancin masu shan maganin hana daskarewar jini a jihar Damagaram ba a CSI, wato ƙaramin asibitin gari ko ƙauye, aka ɗora su a kansa ba. Likita ne ya rubuta a Babban Asibitin Zinder, ko a Yamai, ko a Kano, aka sallami mutum da takardar magani da ranar komawa. Amma kafin ranar ta zo, wurin majo, shugaban CSI, zai je in zazzaɓi ya kama shi, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko maganin ya yanke a farmasi. Koyarwar da aka yi masa ranar sallama, yana cikin ciwo da tunanin kuɗin mota, da wuya rabinta ta zauna. Sai an sake ta daga farko a CSI, kuma ba a zama ɗaya ba.

Kafin a fara magana

A ce wa majinyaci ya dawo da duk abin da yake sha a leda ɗaya: na asibiti, na tebur, na gargajiya, har wanda ya daina. Ya zo da mutum ɗaya na gida, wanda zai riƙa tuna masa. In magidanci ne, ya fi kyau mai girka masa abinci ta ji bayanin da kunnenta.

Daga takardar sallama a fitar da amsa huɗu. Wane magani ne? Don me aka ba shi? Ina ake so INR ɗinsa, wato sakamakon gwajin da ke nuna jinkirin daskarewar jini, ya tsaya? Har yaushe zai sha? In ɗaya ta ɓace, a kira asibitin da ya rubuta, kada a yi kintace. Wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu yakan sha aƙalla wata 3, wani ya fi haka. Mai rikicewar bugun zuciya galibi ba ranar dainawa. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe kuwa zai sha iya rayuwarsa.

Magungunan kashi uku ne. Akwai na da, waɗanda ke rage aikin bitamin K a hanta, ana taƙaita su da AVK: Sintrom, Coumadine da Préviscan. Su ne ke buƙatar gwajin INR. Akwai sababbi, Xarelto, Eliquis da Pradaxa, waɗanda ba a bin su da INR amma sun fi tsada. Sai allurar Lovenox. Mai ƙofar ƙarfe ba ya shan sababbin ko kaɗan, haka ma mai tsukewar ƙofar zuciya irin wadda ciwon maƙogwaron yarinta ke haddasawa: AVK ne nasu. A faɗa musu tun yanzu, domin akwai ranar da wani ɗan'uwa zai aiko da Xarelto daga waje da kyakkyawar niyya.

Zama na farko: dalili, awo, lokaci

A fara da tambayarsa abin da ya fahimta. Za a ji wasu na cewa maganin tansiyo ne, wasu su ce yana rage jini, wasu kuma sun ɗauka in kumburin ƙafa ya saɓe an gama. Bayanin ya zama gajere: jininku yana saurin yin guda, gudan yana iya toshe hanyar huhu ko ta ƙwaƙwalwa, wannan magani yana jinkirta daskarewar. Kwatancen da ya fi saurin shiga shi ne gishirin miya. In ya yi kaɗan bai yi aiki ba, in ya yi yawa ya ɓata, kuma ba a ganewa da ido sai an ɗanɗana. Gwajin jini shi ne ɗanɗanawar. Mutum ba ya jin komai a jikinsa ko maganin ya gaza ko ya wuce, sai ranar da abin ya fito fili.

Daga nan a ɗauko ƙwayar kanta. Sintrom na miligram 4 yana da tsaga da ke raba shi huɗu, kowane ɓari miligram 1. Kada a ce wa tsoho "kashi uku cikin huɗu". A ɓalle a gabansa, a jera a tafin hannu, a ce ɓari uku. Sannan a miƙa masa sabuwa: "Baba, ku nuna mini yadda za ku sha daren yau." Abin da hannunsa ya yi shi ne abin da zai yi a gida, ba abin da bakinsa ya amsa ba. In idonsa ba ya gani sosai ko hannunsa na rawa, ɗan rakiya ne zai riƙa ɓallewa. In likita ya sa awo mai canzawa, misali rabi yau, ɓari uku gobe, a zana ranakun mako bakwai a takarda da hoton ɓarin kowace rana, domin a nan aka fi ruɗewa. Wanda ke karanta ajami a rubuta masa da ajami.

Launi ba abin dogara ba ne. Coumadine na Faransa mai ruwan hoda miligram 2 ne, fari kuma 5. Warfarin da aka yi bisa tsarin Ingila kuwa, mai ruwan hoda shi ne miligram 5. Wanda nasa ya ƙare aka sayo masa daga ƙetaren iyaka, ya ga launi iri ɗaya ya sha, ya ninka awonsa fiye da sau biyu bai sani ba. Kuma ƙwaya ɗaya ta Sintrom ba daidai take da ƙwaya ɗaya ta Coumadine ko Préviscan ba. Duk sabon kwali, a kawo a duba kafin a sha.

AVK sau ɗaya ake sha a rana, da dare. Dalilin zaɓen dare shi ne, in an ɗebi jini da safe sakamako ya fito da rana, ana iya gyara awon tun a wannan daren. A ɗaura shi da abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar isha'i. In an manta, ana iya sha matuƙar ba a wuce awa 8 da lokacin da aka saba ba. In an wuce, a bar na wannan rana, a sha na gobe yadda yake, a sa alama a karne, wato ɗan littafin bin maganinsa. Ba a haɗa biyu don ramuwa.

Sababbin suna da tasu ƙa'ida. Xarelto na miligram 15 da na 20 tare da abinci ake sha, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa duka. Mai daskarewar jijiya yana fara shi da 15 sau biyu a rana har kwana 21, sannan ya koma 20 sau ɗaya. A rubuta ranar sauyin da manyan baƙaƙe. Eliquis safe da dare ne, kuma wanda aka manta ana iya sha cikin awa 6. Pradaxa ba a fasa kwansonsa, ba a kuma fitar da shi daga takardarsa sai lokacin sha. Ƙarfinsu duka yana gushewa cikin yini guda, don haka fashin kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Suna kuma buƙatar gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, tsofaffi fiye da haka.

In an sallamo mutum da Lovenox, a yi allurar farko tare da wanda zai ci gaba da yi. A gefen ciki ake yi, kamar faɗin yatsu uku daga cibiya. A tsunkulo fata da yatsu biyu, a soka allurar a tsaye duka, a tura a hankali ba tare da an saki fatar ba. Ba a fitar da ƴar iskar da ke cikin sirinji, ba a murza wurin bayan an zare, kuma yau dama gobe hagu. Idan tare da AVK aka fara, ba a tsayar da allurar sai ta yi aƙalla kwana 5 kuma INR ya kai 2 a gwaji biyu a jere, saboda ƙwayar ba ta kama aiki a kwanakin farko.

Wannan ya isa zaman farko. A ƙara abu ɗaya kawai kafin ya tashi: alamun da za su dawo da shi ko cikin dare ne.

Alamun da ba a kwana da su

Na zubar jini masu tsanani su ne aman jini, baƙin bayan gida mai mugun wari, jini a fitsari, tari da jini, ciwon kai mai ƙarfi wanda ba a saba ba, ruɗewa ko yawan barci, da jinin da aka danne ya ƙi tsayawa. Wanda ya faɗi daga kabu-kabu ya bugu a kai, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana dariya, domin jini yakan taru a cikin kai sannu a hankali, alamar ta fito bayan kwanaki. A wuraren da ake wanka a tafki an saba ganin jan fitsari a ce tsargiya ce. Ga mai shan wannan magani, sai an gwada INR tukuna. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba majinyaci ne zai yanke hukunci a gida ba.

Na daskarewa kuma: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji, baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ta mutu.

Ƙananan alamu, irin su jinin dasashi, kwanciyar jini a fata ba tare da buguwa ba, ko haila da ta fi ta da yawa, ba dalilin daina magani ba ne, dalilin zuwa gwaji ne cikin kwana ɗaya ko biyu. Haɓo yana yawaita da hunturu. A koya masa ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, ya matse sashen hanci mai taushi minti 10 ba tare da sakewa don leƙawa ba. In bai tsaya ba ya maimaita sau ɗaya, sannan ya taho. Ɗan man kaɗanya a bakin hanci da dare yana rage bushewar.

Zama na biyu: INR da karne

INR na mutumin da ba ya shan magani yana kusa da 1. Ga yawancin masu shan AVK ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Wasu masu ƙofar ƙarfe kuma 2,5 zuwa 3,5. A rubuta nasa a shafin farko na karne, ya haddace. In takardar labo ta zo da TP, wani ma'aunin daskarewar jini na daban, da INR tare, INR za a bi, domin TP yana bambanta daga wannan labo zuwa wancan.

A farkon farawa ana gwadawa duk kwana 2 zuwa 4 har sai sakamako biyu a jere sun faɗa cikin iyaka, daga nan mako-mako, sannan a riƙa buɗa tazara. Ko ya daidaita, kada a wuce wata guda. Duk lokacin da aka canza awo, ko aka ƙara wani magani, ko aka cire, a sake gwadawa bayan kwana 3 zuwa 4. Ba sai an zo da yunwa ba.

Matsalar ita ce gwajin ba a kowane wuri ake yinsa ba, kuma mutumin Tanut ko Gure ko Dungas sai ya yi tafiya. A tsaida ranar gwaji tare da shi, a daidaita ta da ranar da mota ke tashi daga garinsu. In a CSI za a ɗebi jinin a aika, kwalba mai shuɗin murfi ce, a cika ta daidai layi, a juya ta a hankali sau kaɗan, kada a sa ta cikin ƙanƙara, kuma ta isa labo cikin awa 4. Kwalbar da ba ta cika ba tana ba da INR mai yawa na ƙarya, a rage wa mutum magani a banza.

Idan sakamako ya haura kuma ba jini, ga abin da aka saba yi wa wanda iyakarsa 2 zuwa 3, bayan an yi waya da likita: ƙasa da 4, a ɗan rage awo, 4 zuwa 6, a tsallake sha ɗaya, 6 zuwa 10, a dakata a ba da bitamin K miligram 1 zuwa 2 ta baki, daga 10 zuwa sama, miligram 5. A sake gwaji washegari. In akwai jini mai tsanani, ba jiran sakamako, turawa ce kai tsaye. Bitamin K ba ya karya sababbin magungunan.

Kafin a zargi awo, a yi bincike. INR da ya faɗi, galibi fashi ne ko yankewar magani. Sintrom ya fi Coumadine saurin barin jiki, don haka fashinsa ya fi saurin nunawa. Wanda ya hau kuwa, a tambayi sabon magani, zawo, zazzaɓi da rashin cin abinci. Kada a yi tambayar da fuskar faɗa. "Inna, a makon nan dare nawa ya wuce ku?" ta fi fitar da gaskiya bisa "Kuna sha kullum ko?"

Karnen ya ƙunshi sunan magani da ƙarfinsa, dalili, iyakar INR, kowane sakamako da kwanan wata da awon da aka sa, ranar gwaji na gaba, da lambar wayar CSI. Ya zauna a aljihu, a nuna shi ga duk wanda zai rubuta magani ko ya taɓa jiki da ƙarfe.

Zama na uku: abin da ke shiga baki da abin da ke huda fata

A nan ne aikin ya fi yawa. Babban haɗari shi ne maganin ciwon jiki na tebur da na masu yawo da tire a Kasuwar Dole da tashoshin mota. Asfirin, ibuprofen da diklofenak suna ƙara zubar jini, suna kuma cin bangon ciki. Ana sayar da su a ɓalle ba suna, wani lokaci a haɗe da wasu a ƙulli ɗaya, don haka faɗin sunayensu kaɗai ba ya wadatarwa. Ƙa'idar ta zama mai sauƙi: ban da parasitamol, ba abin da za a saya a sha sai an tambaya. Shi ma kada ya wuce gram 3 a yini, wato ƙwaya 6 masu miligram 500, kuma in an kai kwana 3 ana sha a zo. Wanda likitan zuciya ya haɗa wa asfirin da gangan, wannan daban ne, a tabbatar daga takarda.

Sauran haɗarin daga hannun ma'aikaci yake fitowa. Bactrim, Flagyl, siprofuloksasin, fulukonazol da Cordarone suna ɗaga INR. Daktarin na shafawa a baki an hana shi gaba ɗaya ga mai shan AVK. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka, da Tegretol da Gardénal na farfaɗiya, suna karya ƙarfin maganin, har da sababbin. Mai shan rifamfisin yakan buƙaci awo mai yawa, kuma ranar da ya gama maganin tari dole a bi shi da gwaji na makonni, in ba haka ba awon da ya yi masa daidai jiya zai zubar masa da jini. Wasu magungunan sida ma suna taɓa shi.

Ba a yi wa mai shan wannan magani allurar tsoka, saboda jini yana iya taruwa a cikin naman. Da damina, lokacin da layi ya yi tsawo kuma hannu ya saba da allurar zazzaɓi a ɗuwawu, a nan ake mantuwa. In zai iya haɗiya a ba shi ta baki, in abin ya yi tsanani ta jijiya, sannan a gwada INR bayan kwana 3 zuwa 4.

Batun abinci an cika tsananta shi. Ana jin an hana mutum zogala da miyar kuka da yakuwa da alayyafo, alhali su ne cimarsa. Gaskiya ne ganye yana ɗauke da bitamin K, amma abin da ke rikita INR shi ne canji na farat ɗaya. Wanda ya saba cin kwaɗon zogala sau biyu a mako ya ci gaba a haka, awo zai bi cimarsa. Lokutan lura biyu ne: faɗuwar damina da ɗanyen ganye ke yawaita, da lokacin sanyi da salati da kabeji ke shigowa daga garake irin na Mirriya. A matso da gwaji a waɗannan makonni. Citta da tafarnuwa na miya ba laifi. Shansu a matsayin magani, ko garin zogala cokali-cokali, ko jiƙo da sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba, shi ne za a bari. Masu shan sababbin magungunan ba ruwansu da lissafin ganye. Giya tana ƙara haɗari ga kowa. A tambaya a keɓe, ba gaban ɗan rakiya ba.

Sai wanzami. Ƙaho, tsaga, sakiya, cire belu da cire haƙori a gida duk an bar su. A faɗe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, domin mutane ba sa lissafa su cikin aikin likita. Aski da inji ya fi aska. Asuwaki a tauna shi ya yi laushi. In za a cire haƙori a asibiti ko a yi tiyata, majinyaci ba ya tsayar da magani da kansa. Likitan da ya rubuta maganin da wanda zai yi aikin ne za su shirya. Manomi ya sa takalmi mai rufi, domin dafin kububuwa shi ma hana jini daskarewa yake yi.

Mata, azumi da tafiya

AVK yana illata ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Duk macen da ke haila a yi mata wannan magana, in ta yarda tare da maigidanta. In wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, ta zo gwajin ciki a makon, kada ta daina sha da kanta, ballantana mai ƙofar ƙarfe. Likita ne zai duba mayar da ita kan allura. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin ba ta dace da wadda jini ya taɓa daskare mata ba, ungozoma ta zaɓa mata wata hanya. Mai jego da aka ɗora a kan magani saboda ciwon zuciyar bayan haihuwa tana iya shayarwa da Coumadine. Préviscan da sababbin ba a shayarwa da su.

Da azumi, mai sha sau ɗaya da dare bai da abin canzawa, sai dai cima tana sauyawa, don haka a gwada INR kafin watan ya kama da kuma cikin makonni biyun farko. Xarelto a sha da abincin buɗa-baki. Mai shan Eliquis ko allura sau biyu a rana ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Mai tafiya cin rani Agadas ko Najeriya, da maniyyaci, ya tafi da abin da zai ishe shi har da ƙarin mako 2, a jikinsa ba cikin kayan saman mota ba, kuma ya san inda zai yi gwaji a can. A gida a ajiye magani cikin kwalinsa, a ɗaki mafi sanyi, inda hannun yara ba ya kai; zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40.

A kowane zuwa a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, a kwatanta da ranar da aka saya. In saura na kwana 7, lokacin sayen sabo ya yi. Wanda ya ce kuɗi sun gaza, a sanar da likita a ranar, tunda mai raba ƙwayar Xarelto biyu don ta kai ƙarshen wata gara a mayar da shi kan AVK in ciwonsa ya ba da dama. CSI ta ware shafi ɗaya a rajista don masu shan waɗannan magunguna, da lambar wayarsu da ta ɗan rakiya da ranar gwaji. Wanda ya wuce ranarsa da kwana 3, a kira shi. In waya ba ta shiga, a aika ta hannun ma'aikacin lafiya na ƙauyensu.